Akwatin da Lawwali Ya Ɓata

Shekarar da wayar hannu ta fara yawa a Zuru, ita ce shekarar da hawan jini ya taɓa Saje Kefas. Bai kwantar da shi ba, Allah ya taƙaita. Yana tafiya, yana cin tuwonsa, amma hannun hagu ya yi sanyi. To, mutumin da ya yi rabin rayuwarsa yana kaɗa wa hafsoshi gita a bariki, ka taɓa masa hannun hagu ai ka gama da shi. In ya danna tsirkiya, yatsun ba sa iya riƙe ta. Sautin zai fito, ya mutu nan take.

Ga kuma 'yarsa Keziah za ta yi aure bayan girbi. Tun tana ƙarama ya yi mata alkawari shi zai kaɗa mata ta shiga coci. Yarinyar ba ta manta ba, ta ƙi a yi zancen wani makaɗi.

Mukan taru mu yi dara ran Asabar bayan la'asar a rumfar Lawwali mai gyaran rediyo, nan unguwar Rikoto. Akwai ni, Dodo, da na ja babbar mota har bayana ya ce ya isa. Akwai Kofur Dominic, wanda ya yi aikin rediyon oba-oba a soja. Kefas ne na huɗunmu, amma tun da abin ya same shi ya ɗauke ƙafa.

Ni na kawo zancen. Na ce, a otal-otal na Legas na sha ganin masu gita suna taka wani ɗan akwatin ƙarfe, sai gitar ta hau gurnani, kuma in sun taɓa tsirkiya sau ɗaya, sautin ya yi ta tafiya har mutum ya kurɓi abin shansa ya ajiye.

"Fos suke ce masa," in ji Dominic. "Ba wani siddabaru ba ne. Tiransisto biyu ne, ɗaya ya ɗura wa ɗaya sauti fiye da cikinsa, sai sautin ya fashe. Ko shafa tsirkiyar ka yi, za ta yi ruri."

"Ke nan ba ya bukatar ƙarfin yatsa."

Dominic ya dube ni, ya ajiye ƙwallon darar da ke hannunsa.

Haka muka daina dara. Lawwali yana da matattun rediyoyi jibge a bayan rumfa, mu muka zama mahautansu. Dominic yana zana hanyar waya a ƙasa da tsinke, Lawwali yana liƙawa da dalma. In wuta ta ɗauke, ni ne mai fifita garwashin da ake gasa ƙarfen liƙin. Gwangwanin kifi muka samu ya zama gidan abin. Maɓallin takawa kuwa ni na kawo, na dim ne, wato na rage hasken fitilar tsohuwar mota, irin wanda ake dannawa da ƙafa. Sun yi mini dariya, amma har yau ba a yi maɓallin da ya kai shi jure taku ba.

Mun ƙona tiransisto ba adadi. Wata rana abin ya kamo mana labaran duniya a maimakon gita. Sai wata Asabar, da gitar da Dominic ya aro daga cocinsu, ya taɓa tsirkiya ɗaya, sifika ta saki wani gurnani mai kauri, ya yi ta tafiya bai tsaya ba. Mai sayar da rake a tsallaken hanya ya miƙe tsaye. Ni da Dominic muka tafa. Lawwali dai yana ta yamutsa fuska, amma mun ɗauka hayaƙin dalma ne. Muka bar masa ya shirya wayoyin cikin gwangwani ya rufe.

Asabar ta gaba muka kinkimi sifika muka nufi gidan Kefas. Da ƙyar ya yarda ya fito da gitarsa. Keziah tana bakin ƙofar kicin tana tsince shinkafa, tana yi kamar ba ta kallo.

"Saje, taka nan," in ji Dominic.

Ya taka, ya danna tsirkiya. Sauti ya fito tas, kamar muryar mai karanta labarai, ya mutu. Ya sake. Haka dai. Ya sake takawa, ko bai taka daidai ba. Babu gurnani ko na kyanwa.

Kefas ya jingine gitar a bango a hankali. "Na gode, 'yan'uwa. Kun wahala." Ya juya wajen 'yarsa. "Keziah, gobe ki yi wa mai kibod ɗin nan magana."

Ta ci gaba da tsintar shinkafa, kanta a ƙasa.

Dominic ya buɗe gwangwanin, ya leƙa, ya ɗago. "Malam Lawwali, me ka yi wa abin nan?"

"Gyara shi na yi."

"Wa ya ce ya lalace?"

"Kunnena ya ce. Kofur, wanga ƙara da kuka bari, ko injin niƙa ya fi shi ladabi. Tunda nike, ba a taɓa fita da abu daga rumfata yana kakari ba. Duk Zuru a ce Lawwali ne ya yi wanga? Kwana na yi ina bin shi har na kashe kakarin."

"Kakarin shi ne abin, bawan Allah."

"To ku da kun ce mini ɓarna muke ginawa."

Dominic ya fara ɗaga murya, yana kawo turancin soja. Na san Lawwali: in ka tsananta masa, zai naɗe kayan aikinsa ya tafi, kuma babu mai iya liƙin nan cikinmu. Hannun Dominic rawa yake yi, ni kuwa ido ya tafi. Sai na ja kujera kusa da shi.

"Lawwali, tsakaninka da Allah, a garin nan akwai wanda ya kai ka sanin yadda rediyo ke lalacewa?"

"Babu."

"Ka san kukan mai mura, ka san na wanda ruwa ya shiga, ka san na wanda batir ya kusa mutuwa."

"Ko ina barci."

"To wancan na makon jiya, mu da Kofur sa'a muka yi. Ɓarnar 'yan koyo ce. Yanzu muna son ɓarnar gwani. Dubi hannun mutumin nan. Gyararren sauti na masu lafiyar yatsu ne."

Ya dubi hannun Kefas da ke kwance a cinyarsa. Ya daɗe yana dubawa. Sannan ya ce, "Keziah, ɗiyata, akwai garwashi a murhu?"

Ta ajiye faifan ta tashi da sauri.

Yana aiki yana mita. Ya cire abin da ya ƙara, ya mai da tsohuwar tiransisto, sannan ya canza wani ɗan abu mai zanen launi da bai gaya mana dalili ba. "Sharaɗi guda," in ji shi. "Kowa ya tambaya, Dodo ya sawo shi daga Legas."

"Na ji. Ni na saba ɗaukar kayan mutane."

Na miƙa wa Kefas gitar. Ya ƙi karɓa da farko. Keziah ce ta karɓa daga hannuna ta ɗora masa a cinya, ta koma gefe ta tsaya.

Ya taka. Ya ɗora yatsa ɗaya, da ƙyar ma ya danna. Gurnanin ya taso, amma ba irin namu ba. Wannan yana da kauri a ƙasa, sama kuma yana da zaƙi, kuma ya ƙi mutuwa. Kefas ya zame yatsan zuwa gaba, sautin ya bi shi. Ya sake zamewa. A haka, da yatsa ɗaya, waƙar shiga coci ta fara fitowa, tana ɗingishi amma ana gane ta. Ya yi kuskure a tsakiya, ya tsaya, ya koma baya, ya wuce wurin.

Haka ya kai ƙarshe. Lawwali yana goge ƙarfen liƙinsa, yana kallon wani wuri daban.

"Baba," in ji Keziah, "ka yi sauri da yawa. Rigar doguwa ce, ba zan iya gudu a ciki ba."

Kefas ya goge fuska da bayan hannun dama. "To je ki bakin ƙofa ki taho, in ga takunki."

Ta je ta tsaya, ta kama gefen zaninta kamar mai jan riga. Ya gyara zaman gitar, ya ɗaga mata kai, ta fara takowa.