Ƙafar Baban Wejdan da Sabuwar Doka

Shekara ashirin da shida ina zaune da mutumin nan, ban taɓa ganin ya ture kwanon abinci ba sai ranar da Wejdan ta karanto masa labarin Amurkawa a waya.

Bari in faɗa muku yadda abin yake. Maigidana direba ne a wani gida a unguwar Abhur, nan Jidda. A iƙama, wato takardar zama, Abduljalil aka rubuta, ni kuwa Baban Wejdan nake ce masa, don ita ce 'yarmu ta fari. Daga Asabar zuwa Alhamis aikinsa jira: ya jira yara a ƙofar makaranta, ya jira uwar gida a ƙofar kanti, ya jira kafili, wato ubangidansa, a filin jirgi. Ranar Juma'a bayan la'asar kaɗai ake jiransa shi ma. Akwai wasu samari, 'ya'yan mutanenmu na Sudan da na Nijar da Chadi, har da Larabawa biyu ko uku, da ke taruwa a wani fili bayan gidajen Abhur suna buga ƙwallon Amurka. Ita ce mai siffar gwanda, wadda ake rungumewa a ruga da ita, ana karo kamar raguna. Shi ne mai yi musu bugun farko, wanda ake buɗe wasa da shi.

Kada ku zaci wani aiki ne mai yawa. Zai ja da baya, ya taho, ya narka wa ƙwallon ƙafa, ta tashi ta wuce ƙarshen fili, wani lokaci har ta tsallake katangar wani gini da ba a gama ba. Tunda ta fita, ba mai cafewa ya dawo da ita a guje, ba karo, ba komai. Sai a tafa masa, ya koma gefe yana ba yara shawarar da ba wanda ya nema. Ga mai shekara hamsin da biyu da gwiwar da ke ƙara in zai yi ruku'u, wannan aiki ya yi daidai. Ni dai ina jin daɗin ganinsa ranar Juma'a, don tun safe yake waƙa a banɗaki.

To, ana saura mako uku azumi, muna cin abincin rana, Wejdan ta ɗago daga wayarta. Ita a Jidda aka haife ta, Hausarta rabi da rabi ce.

"Baba, a babbar gasar Amurka suna so su canza bugun farko. Wai ya zama mumil, yaʿni ba daɗi. Kowa yana bugawa barra, wajen fili, ba mai dawowa da ita."

Ta yi masa bayani dalla-dalla. Ƙwallo sai ta sauka cikin yadi ashirin na ƙarshen fili. In ta wuce, abokan hamayya ne za su ci riba, a matso musu da ita gaba. Sauran 'yan wasa za su jeru dab da juna, ba mai motsi sai ta sauka, mai bugun kuma yana can baya shi kaɗai.

Na ce, "Shawara ce fa, ba su ma amince ba. Kuma su da ke can bayan teku, ina ruwansu da filin Abhur?"

Sai ya ture kwanon. Ya san Bilal, ni ma na san shi. Bilal shi ne kyaftin ɗinsu, yana aiki a wani sito a Madinar Masana'antu, yaron kirki, amma duk abin da ya gani a waya da safe, da yamma sai ya gwada shi a kan 'ya'yan mutane.

Ai kuwa ranar Alhamis da yamma sai ga sallama. Bilal ne da samari uku, ɗauke da tiren basbusa, kek ɗin Larabawa mai zaƙi, da wata kujera mai naɗewa, sabuwa fil, da lemarta a maƙale. Ina ganin kujerar na gane abin da ya kawo su. Mutanenmu ba sa korar babba, ƙara masa girma suke yi har ya rasa abin yi. Na kai musu shayi na koma bayan labule, inda na fi ji da kyau.

Bilal ya yi gyaran murya ya fi sau uku, sannan ya kira shi Ammi, wato baffa, yadda duk suke kiransa. "Ammi, mun zauna mun ga ya kamata ka zama shugabanmu na girmamawa. Za mu gwada sabuwar dokar nan, kuma tana da gudu da karo. Kai kuwa ka wuce wannan wahala."

Baban Wejdan ya kurɓi shayi, ya dubi kujerar. "Bilal, ɗana, kujera ina da ita. Kwana shida nake kanta a mota. Ku ba ni bugu uku gobe. In ba ta sauka inda kuke so ba, halas, ni da kaina zan miƙo rigar wasan."

Suka amince. Suka tafi, suka bar kujerar a jingine, ko naɗinta bai warware ba.

Ranar Juma'a na ce da ni za a je. Wejdan ta ɗauke ni a 'yar motarta, muka shimfiɗa tabarma a gefen fili. Samarin sun zuba layin farar ƙasa a kan yashi, sun jeru kamar masu jiran burodi, kowa da hular kwano.

Bugun farko, ƙafar ta yi halinta. Ƙwallo ta tashi ta wuce fili, ta wuce katanga, sai da aka tura wani ya ɗauko. Bugu na biyu ya sassauta, ta mirgina a gabansa kamar kankanar da ta faɗo daga mota. Wasu suka sunkuyar da kai don kada ya ga dariyarsu. Ya tsaya hannu a ƙugu yana ƙifta ido, ya ce, "Ni ba na ganin layukan nan daga nan. Yadi ashirin ɗin ina ya fara, ina ya ƙare?"

A nan raina ya ɓaci, ba da shi ba, da yaran. Mutumin da ke cusa babbar motar Jims tsakanin motoci biyu a cunkoson unguwar Bagdadiyya ba tare da ya taɓa ko ɗaya ba, shi za a ce bai san nisa ba? Farar ƙasa ce bai saba da ita ba. Na ce wa Wejdan ta matsar da motarta daidai layin farko, a gefe. Na ɗaga murya na ce wa Bilal ya kai tasa daidai layin ƙarshe. Ya dube ni da mamaki, amma ya je.

Na ce, "Baban Wejdan, tsakanin motar 'yarka da ta Bilal. Faka ta a nan."

Ya dubi wannan, ya dubi waccan, leɓensa na motsi. "Wurin mota uku da rabi," in ji shi. Ya ja da baya taku huɗu kawai, ya ɗaga ta a hankali. Ta yi sama, ta juya, ta sauko tsakiyar wurin cif. Wejdan ta yi tsalle tana ihu da Larabci.

Murnata ba ta daɗe ba, don na manta da sauran dokar. Ƙwallon da ta sauka a fili ai dawowa ake yi da ita. Abdelkader ne ya cafe, wani ɗan Chadi mai lodin kaya, ƙirjinsa kamar ƙofar firji. Ya ratsa layin nan, ya zubar da biyu, ya kauce wa uku, sai ga shi a sarari. Ba kowa tsakaninsa da ƙarshen fili sai maigidana da gwiwarsa. Na miƙe tsaye ina salati.

Saura taku biyu ya iso, sai yaron nan ya ja birki. Ya durƙusa a gabansa, ƙwallo a hammata, ya ce, "Gafara, Ammi." A wasan kuwa, in mai ƙwallo ya sa gwiwa ƙasa da kansa, gudu ya ƙare. Aka busa usur. Fili ya ɗauki dariya da tafi, ni ma har na fara.

Baban Wejdan kuwa bai yi dariya ba. Na san fuskar nan, kuma ban taɓa ganin ta ji ciwo haka ba.

"Abdelkader, da Bilal ne a nan, za ka tsaya?"

"A'a, Ammi."

"To ni me ya sa?"

Yaron ya sosa wuya. "Ammi, kai ka kai mahaifiyata asibiti ranar da za a haife ni. Yaya zan yi in bi ta kanka?"

"A gida ni Amminka ne, ka durƙusa har ƙasa, ina so. A nan kuwa in ka durƙusa mini, ka kore ni ne da ladabi." Ya juya ga Bilal. "A sake. Kai kuma Abdelkader, in ka rage gudu ban yafe ba."

Bilal ya dube ni, kamar ni ce zan hana. Wallahi na so in hana. Na tuna gwiwar, na tuna aikin Asabar da ke jiransa. Amma na dubi yadda maigidana ya tsaya, sai na koma na zauna na kama hannun Wejdan.

Ya sake bugawa, ta sake sauka tsakanin motocin. Abdelkader ya cafe, ya taho. Ko yaran sun buɗe masa hanya da gangan ne, ko ƙarfinsa ne, ban sani ba, sai ga su su biyu kuma. Wannan karon bai rage ba. Na ji ƙarar karon har cikin haƙorana. Baban Wejdan ya yi sama, ya dawo ta baya, ƙafafu a iska. Amma hannunsa na riƙe da idon sawun yaron, riƙon da yake yi wa sitiyari a kan babban titi. Abdelkader ya yi taku ɗaya, ya kife da fuska.

Ban san sanda na tattare abaya na ruga ba. Na sami maigidana kwance, ya cire hular kwano, gemu duk yashi, yana haki yana dariya har da hawaye.

"Rahamatu, kin gani? Ya bige ni! Wallahi da gaske ya bige ni!"

Na ce, "Na gani. Gwiwar fa?"

"Tana nan, tana gaishe ki."

Abdelkader ya rarrafo yana sumbatar kansa yana ba da haƙuri, shi kuma yana ture shi yana cewa ya yi daidai. Ni dai dariya nake yi, idona na zuba, don na ji tsoro ƙwarai kuma na ji daɗi ƙwarai.

Sai muka ji muryar Bilal daga tsakiyar fili, da tsawa, irin wadda yake yi wa kowa:

"Kai mai lamba uku! Tashi, ka tare mana fili! Wasa bai ƙare ba, yalla!"

Lambar rigar maigidana ce ya kira, ba Ammi, ba gafara. Baban Wejdan ya mayar da hularsa, ya miƙe yana ɗingishi, ya nufi wurinsa da sauri, ko waiwayo na bai yi ba.