Layin Gidan Hajiya Ɗaso

Karo na shida ke nan modem ɗin, na'urar da ke haɗa kwamfuta da intanet ta layin tarhon gida, ya yi kukansa, ya haɗa, ya kuma yanke. Abdulwadud ya buga tebur har shayi ya zube.

Kwana uku da aka kwashe ƙaninsa Salihu a samamen da 'yan sanda suka kai wa baƙi marasa takarda a kasuwa, a nan ƙasa mai tsarki. Ba wai ba shi da iƙama ba ne, takardar zaman nan tana aljihun wata jallabiyarsa a gida, shi ke nan laifinsa. Wani lauya a unguwar Shisha ya ce a turo masa hotonta ta intanet yau, zai bi sawu kafin a sa Salihu a jirgi a kai shi Kano. Salihu kuwa a nan unguwar Tandabawi aka haife shi, Kano ko a mafarki bai san ta ba.

Abdulwadud dai gani yake ba abin da ya gagare shi a kwamfuta. Ya sauya igiya, ya hure ƙurar soket, ya kashe ya kunna. Duk a banza, da hoton ya kai rabi sai layin ya faɗi. Haushi ya ishe shi, ya juya kan mahaifiyarsu, Hajiya Ɗaso, wadda tun ranar samamen take zaune a gindin tarho. Ya ce ita ke ɗaga kan wayar tana yanke masa. Ta rantse ba ta taɓa ba.

Can ya tuna wata dabara. Ya danna lambar da ke toshe kira mai shigowa, sannan ya zare igiyar tarhon gaba ɗaya. Ai kuwa layi ya zauna daram, hoto ya tafi. Sai ya bar modem ɗin a haɗe wuni biyu, yana jiran amsar lauya, yana faɗa wa maƙwabta yadda ya gano cutar.

Lauya ya amsa cewa bai san inda aka ajiye Salihu ba, a nemo masa sunan wurin.

Ran Alhamis da hantsi, bayan ya mayar da igiyar, tarho ya yi ƙara. Abdulwadud ya riga Hajiya ɗauka. Salihu ne, muryarsa a dishe, daga Kano.

"Yaya, sun karɓe salulata, lambar gida kawai na haddace. Ranar nan na yi ta kira, tana shiga ba a ɗauka. Daga baya kullum layi a cike. Da kun san inda nake, da takardar kawai za ku kawo."

Nan take Abdulwadud ya gane. Ashe kowace yankewa kiran Salihu ne ke shigowa yana katse modem ɗin. Kafin ya ce uffan, kiran ya katse.

Hajiya ta riƙe hannun rigarsa tana kuka, tana tambayar me ya hana ɗanta kira tun yana kusa.

"Ya ce ba su ba shi waya ba, Ummi."

Ta ɗaga hannu sama ta fara kai ƙarar azzalumin da ya raba ta da ɗanta. Abdulwadud ya ce amin.