Mun Ci Irin Inna Safara'u

Ni na gina rumbun nan da hannuna, saboda haka kada wani ya zo yana gaya mini yadda abin ya faru. Sunana Ubale magini. A shekarun da kuza ke tashe a Riruwai, kafin Turawa su tattara nasu ya nasu, babu rumbu irinsa tun daga Yako har Tudun Wada. Jaki uku kan kwanta a inuwarsa, wani bai taɓa wani ba.

Rumbun jama'a muke ce masa. Kowace kaka, kowane gida a Tsamiyar Baƙi zai kawo dami ɗaya na dawa, ban da zakka, wannan daban take. Abin da aka tara kuwa na masu yi wa gari aiki ne don Allah, a ƙarfafa musu gwiwa: masu haƙa kabari, masu yasar rijiya, ungozoma da ire-irensu. Amma kowa ya sani, ko ba a faɗa ba, ranar da na kwaɓa ƙasar farko Inna Safara'u ce a zuciyar mutane.

Zaurenta a bakin hanya yake. Tun rasuwar mijinta Ɗanasabe, shekara goma sha tara, hayaƙi bai taɓa yankewa a gidan ba. Mai tafiya haƙar kuza daga Bebeji ko Kiru, da mai dawowa da tari da aljihu wayam, duk sun san in suka kai tsamiya akwai tuwo, kuma ba a tambayar mutum sunan ubansa. Da gonar da Ɗanasabe ya bari take ciyar da su, a wata ƙatuwar tukunya da sai mata biyu ke iya sauke ta. Sunan garinmu ma daga tukunyar nan ya fito, ko da yake in muna cika baki a kasuwar Yako "mu" muke cewa, sai ka rantse da mu ake tuƙin.

Mu uku aka ɗora wa kula da rumbun: Liman Malam Shitu, da ni, da Balarabe. Shi Balarabe ya yi helma, wato shugaban leburori, a Riruwai shekara takwas, ya dawo da agogon da ba ya tafiya da kuma son doka. Shi ya kawo ƙa'idar cewa ba za a fitar da ko zangarniya ɗaya ba sai mai bukata ya faɗa da bakinsa, a gabanmu mu uku, cewa babu. Ya ce haka Bature ke yi a sito, shi ya sa ba a zarginsa da son kai. Maganar ta yi mana daɗi a kunne, don kowannenmu yana da surukai.

Masu baki kuwa suka buɗe. Masu haƙa kabari suka zo suka ce babu, aka ba su, kuma sun cancanta. Masu yasar rijiya ma haka. Har wasu ƙarti uku suka haɗa kai suka ce su ne masu tsare gari daga kura, alhali rabonmu da jin kukan kura tun ina da gashi a ka. Suka faɗi babu da murya mai daɗi, muka ba su dami biyu.

Inna Safara'u ce kaɗai ba ta zo ba.

A shekarar kuwa ruwa ya ɗauke da wuri, gonarta ba ta yi abin kirki ba, ga masu cin rani sun ninka a hanya saboda yunwa ta koro su. Ko makaho ya san rumbunta ba zai kai damina ba. Amma macen da ta shekara goma sha tara tana miƙa akushi, ba rana ɗaya za ta koyi miƙa hannu ba. Liman ya fahimci haka, sai ya kawo dabara: tunda ba za ta zo ba, mu mu je, mu ba ta damar faɗa a cikin gidanta inda ba idon jama'a. Na yaba wa dabarar nan ƙwarai. Abin da ba wanda ya tuna a cikinmu shi ne, duk wanda ya taka zauren Inna baƙo ne.

Juma'ar farko bayan an sauko masallaci muka je. Aka gaisa, aka tambayi gida, ta ce lafiya lau. Aka tambayi aiki, ta ce da godiya. Liman ya yi ta kewaye-kewaye a kan tsadar hatsi, ita kuwa ta ce ai Allah ba ya barin bawansa. Kafin ya sake wani zagayen sai ga akushi an dire, tuwo da miyar kuka, zakara kwance a kai. Zakaran nan na san shi, shi ke tashin unguwar. Muka ci muka yi hamdala. A hanya Balarabe ya ce, yana sakace, gidan da ake yanka zakara ranar da ba salla ba, ba shi ne gidan babu ba.

Juma'a ta biyu man shanu ne ya malale miyar. Da za mu fita na lura turken akuyarta ba kowa, sai igiya. Na gani, na kau da kai, don man shanun na Fulanin Doguwa ne, mai ƙanshi. In taƙaice muku, mun yi ta zuwa duba halin da tukunyar baƙi take ciki, kuma duk zuwa sai mun rage mata abin da zai ciyar da matafiya goma.

Sai Juma'ar da hadari ya fara haɗowa a gabas, kowa ya sauko da irinsa yana gyara. Ga wanda bai sani ba, manomi kan zaɓi zangarniyoyi mafi kyau tun da kaka, ya rataye su a rufin madafa, hayaƙi na bugunsu har bazara don kada ƙwaro ya taɓa. Wannan shi ne iri. Ko yunwa za ta kashe mutum ba ya kallon wurin. Na Inna dawa ce farafara da Ɗanasabe ya gada daga ubansa, ba mai irinta a garin.

Aka kawo akushi, aka ɗaga faifai, tuwo fari tas. Na kai loma ta farko, sai na ji shi a maƙogwarona: ƙanshin hayaƙi. Ba na ƙauri ba, na dawar da ta yi wata shida a rataye. Na dubi Liman, na ga hannunsa ya tsaya a tsakanin akushi da baki. Balarabe ma, duk da Turancinsa, ɗan manomi ne, ya sunkuyar da kai. Mu ukun nan mun san abin da muke ci.

To me za mu yi? In muka tsame hannu, mun gaya mata mun gane, mun tona asirin da ta sayar da akuya don ta rufa. Ita kuma tana zaune daga ƙofar tsakar gida tana cewa mu ƙara, ba yawa. Muka ci. Wallahi har muka sauke akushin nan ban san ta inda tuwon ya bi ba, kuma ban taɓa jin kunyar kaina irin ta ranar ba.

Liman ya wanke hannu, sannan ya bar kewaye.

"Inna, don girman Allah, akwai abin da ya rage a gidan nan?"

"Alhamdulillahi, Malam," in ji ta. "Ko ba ku ƙoshi ba ne?"

A hanya ba wanda ya yi sakace. Na ce a fasa dokar nan kawai a kai mata dawa. Balarabe ya ce shi ma zuciyarsa ta karye, amma in aka ba wadda ba ta faɗa ba, gobe kowa zai turo mu gidan gwaggonsa. Kuma in dami ya shiga gidanta ba ta nema ba, gari zai ce mun je mun leƙa rumbunta mun fallasa ta. Haushin da na ji shi ne, maganarsa ba ƙarya ba ce gaba ɗaya. Liman ya aika matarsa da iri a ƙwarya a ɓoye. Inna ta mayar, ta ɗora daddawa a kai, ta ce a gode wa Malam, bana ta bar gonar ta huta.

Ruwa ya sauka, kowa ya yi shuka, gonar Ɗanasabe ta cika da ciyawa. Mu kuma muka daina zuwa, wai don mu sauƙaƙa mata. Wannan ne kaɗai taimakon da rumbun jama'a ya yi wa zauren baƙi a shekarar. Ta ci gaba da ba matafiya kwaɗon rama da tafasa, sannan kunu tsararo. Cikin marka, wata safiya na fito na duba wajen tsamiya, ban ga hayaƙi ba. Na gaya wa kaina ruwa ne ya jiƙa itace. Haka na yi ta gaya wa kaina har gero ya nuna.

Da kaka ta yi, muka fita karɓar damin kowane gida kamar yadda aka saba, gida-gida, ba a tsallake kowa, don tsallake gida zagi ne. Muka iso zauren Inna. Ta fito ta rame, ta gaishe mu ɗaya bayan ɗaya. Balarabe ya yi gyaran murya ya ce mun zo karɓar damin rumbu. Ta dube shi, ta dubi Liman, ta dube ni, ni da na fi kowa cin man shanu.

"Babu," in ji ta.

Ban taɓa ganin fuskar mutum ta washe kamar ta Balarabe ba. Ya ce mu shaida, ta faɗa da bakinta, a gabanmu mu uku. Kafin la'asar an buɗe rumbu, majiya ƙarfi sun jero da dami a ka, mata na leƙe ta katanga, har wani maroƙi ya biyo baya yana wasa mu uku, wai masu kishin gari. Aka tula dawa a ƙofar zaurenta har ta kusa rufe hanya, gari duka yana kallon abin da ta shekara tana ɓoyewa.

Ta fito ta tsaya. Liman ya ce ga shi, gobe sai a hura wuta. Ta ce tukunyar ai tana Tudun Wada tun cikin marka, ta ba da ita aka auno mata hatsin da ta sallami baƙin ƙarshe, kuma matafiya sun daɗe da sauya hanya. Sannan ta sunkuya, ta ja dami ɗaya daga tulin da ƙyar, ta ajiye a gaban Balarabe.

"Ga na gidan Ɗanasabe. Kada a ce bana bai bayar ba."

Ta shige ciki ta saki asabari. Balarabe ya dubi damin, ya dube mu. Doka ta ce kowane gida dami ɗaya, kuma ba a mayar wa mutum sadakarsa. Ni na ɗauka a kaina na mayar rumbu.