Lamba Huɗu Ta Sauko

A garin Dubrova idan an so ɗan wasa ƙwarai, rigarsa ake ƙwacewa a rataye a sama. Haka aka yi wa Nestor Demkiw ran da ya ajiye sandar hoki, wasan da ake yi a kan ƙanƙara. Gari ya taru a filin ƙanƙara, aka sha jawabai, aka ja rigarsa da igiya har ƙarƙashin rufi, aka ce daga yau ba ɗan ƙungiyar da zai ƙara sa lamba huɗu. A wasan nan babu girmamawar da ta kai wannan. Nestor ya yi kuka a ranar, gari guda ya gani, amma har gobe cewa yake sanyi ne ya shigar masa ido.

Ya kuwa cancanta. Mai tsaron baya ne irin na da, wanda in ɗan gaba ya taho da faifai, wato ƙwallon wasan, sai ya gwammace ya yi karo da katangar fili da ya yi karo da shi. Haƙoransa na gaba duk a kan ƙanƙarar nan suka zube, kuma bai taɓa tsayawa nemansu ba.

Shekaru suka ja. Nestor ya zama Dido, wato kaka, har waɗanda suka kusa kai shi shekaru haka suke kiransa. Rigar tana can sama ta yi ƙura, baƙi suna nuna ta da yatsa, yara ana ba su labarinta. Sai ga shi a kakar wasan bana likita ya gaya masa tsakiyar ganinsa na tafiya, kuma ba dawowa zai yi ba. 'Yarsa Halyna, wadda ta gado taurin kansa kaf, ta yanke cewa da zarar ƙanƙara ta narke zai koma wurinta a birnin Saskatoon.

Bai yi musu ba, abin da ya tsorata ta ke nan. Ya ci gaba da zuwa kallon atisaye, yana zama a bencinsa na kullum. Fuskoki sun ɓace masa, faifan kuwa ba a maganarsa. Abin da ya rage masa shi ne manyan lambobin da ke bayan riguna, su ma sai ya karkata kai ya kalle su da gefen ido. Biyu ta wuce, uku ta wuce, biyar, shida. Tsakaninsu akwai giɓi, kamar na bakinsa. Ya ɗaga kai sama neman tasa, bai ga komai ba sai duhu-duhu. A nan abin ya soke shi: zai bar garin nan, zai makance, bai ƙara ganin lamba huɗu tana gudu a kan ƙanƙara ba.

Washegari da hantsi ya sami Wendell Friesen, shugaban kwamitin ƙungiyar, a kantin filin yana shan kofi. Tun suna yara suke faɗa, kuma ba wanda ya taɓa ci.

"Wendell, ka sauko min da lambata."

"Ina kwana ma ba za a samu ba?"

"Ina kwana. Ka sauko min da lambata."

Wendell ya ajiye kofin. "Kai fa tsufa ya fara taɓa ka. Wasu sun mutu suna mafarkin a rataye tasu, kai an yi maka, kana cewa a sauko da ita? Wanki za ka yi?"

"So nake a sa ta. A yi gumi a ciki."

"Ba a yi. Abin da ya hau ya hau. Me zan ce wa gari, mun fasa girmama Dido?"

"Ka ce musu Dido bai mutu ba tukuna. Kun binne min lamba ina ji ina gani, har da tafi."

"Kai ma ka tafa, har da kuka."

"Sanyi ne."

Wendell ya yi dariya har da tari. Da ya ga mutumin ba wasa yake ba, sai ya nemi hanyar zillewa. "To, ji nan. Samo min ɗan wasa ɗaya da zai yarda ya sa ta. In ka samu, ni da kaina zan hau tsani."

Wendell ya san garinsa. Nestor ya bi masu tsaron baya ɗaya bayan ɗaya, domin ƙananan lambobi nasu ne tun fil azal, kamar yadda lamba ɗaya take ta mai tsaron raga. Kowa ya ji sai ya ja da baya. Wannan ya ce tasa ta ubansa ce. Wancan ya ce ran da ya canza lamba ya karya idon sawu, ba zai sake ba. Kyaftin ma, ƙato guda mai gemu, sunkuyar da kai ya yi ya ce, "Dido, rufa min asiri. Kuskure ɗaya zan yi, kakata ta hana ni cin girkinta na perogi har abada."

Saura mutum ɗaya, kuma da gangan Nestor ya bar shi ƙarshe, don shi yake so tun farko. Rodel Dimaano, bakanike ne a garejin gyaran tarakta. Iyayensa daga Filifin suka zo aiki a masana'antar nama, shi kuwa sai da ya yi wayo sosai kafin ya fara ɗaura takalmin ƙanƙara. Gajere ne, ba shi da kwarjini, amma in faifai ya taso da gudun da zai iya fasa ƙashi, Rodel ne ke kwantawa a gabansa. Nestor ba ya ganin fuskarsa. Yana dai ganin hamsin da takwas tana faɗuwa tana tashi, kuma ya san irin zuciyar da ke cikin rigar.

Ya same shi a ƙarƙashin tarakta, ƙafafu kaɗai a waje.

"Rodel, fito. Ba na magana da takalmi."

Saurayin ya zamo, yana goge hannu. "Dido! Ai da ka aiko na zo. Ga kujera."

Nestor ya zauna, ya gyara murya, ya soma da tarihi kamar yadda tsofaffi suka saba. Ya ce a zamanin ubansa, in ƙungiya za ta yi tafiya a jirgin ƙasa, lambar rigarka ita ce ta gadonka. Mai ƙaramar lamba ya miƙe a gadon ƙasa, mai babba ya yi ta fama da tsani. Saboda haka ƙaramar lamba ba ado ba ce, shaida ce cewa ana ji da kai.

"Kai kuwa hamsin da takwas," in ji shi. "Da a jirgin ne, a kan rufi za ka kwana. Na zo in ba ka huɗu."

Ya jira godiya. Rodel ya daɗe yana murza tsumman da ke hannunsa.

"Dido, na gode. Amma a'a."

"Kai ma tsoron kakarka kake ji?"

"Tawa tana Batangas, can Filifin, ba ta san ma mene ne hoki ba." Ya yi murmushi, sannan murmushin ya tafi. "Ka san yadda na sami hamsin da takwas? Ran gwaji aka jefo min ita daga ƙasan kwali. Irin lambar da ake ba wanda aka san ba zai yi mako ba. Kowa ya sani, ni ma na sani. Na yi makon. Na yi shekara. Da koci ya ce in zo in zaɓi ta kirki, na ce a bar min abata. Yanzu ƙannena in sun je wasan yara ita suke roƙo. Taka an gama gina ta, Dido. Tawa ce nake kan ginawa. Kuma kayan aro ba ya rufe katara."

Nestor ya ji zafi, ba ƙarya. A Dubrova ba a saba ce masa a'a ba. Amma ƙarƙashin zafin sai ya ji wani abu kamar daɗi, domin da shi ne aka zo wa da wannan magana yana saurayi, amsar da zai bayar ke nan, sai dai tasa da zagi za ta fito. Ya gane kuma inda ya yi kuskure. Ya shigo kamar mai rabon kyauta, alhali roƙo ya kawo shi. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

"Zauna, ɗana," ya ce. "Na ɓata magana. Ba girmama ka na zo yi ba, taimako nake nema. Idona ya kusa rufewa. Fuskarka ɗin nan ba na ganinta, muryarka nake bi. Lambobi kaɗai suka rage min, kuma Halyna za ta tafi da ni in ƙanƙara ta narke. So nake in ga huɗu tana motsi kafin nan. Ko sau ɗaya."

Rodel ya ajiye tsumman a kan kanta.

"Zan sa ta a wasannin gida da suka rage," Rodel ya ce a hankali. "Su kaɗai. Ba jawabi, ba tafi. Hamsin da takwas ta zauna a ƙugiyarta, kada a ba kowa. Kuma ba zan yi wasa irin naka ba, ina son haƙorana."

"Matsoraci," in ji Nestor, yana laluben hannunsa ya riƙe gam.

Wendell ya hau tsani kamar yadda ya yi alkawari, yana hawa yana tsine wa ranar da ya san Nestor. Matar Wendell ta ɗinka huɗu a bayan sabuwar riga.

Ran Asabar da la'asar 'yan ƙungiyar Karlsfeld suka zo, fili ya cika har bakin ƙofa. Da Rodel ya fito sai hayaniya ta ɗauke. Mutane suka miƙe ba wanda ya ce su miƙe, wasu har da cire hula, kamar gawa ce ake wucewa da ita. Nestor ya tsani wannan shirun. Ya karkata kai, ya nema, ya nema, can sai ga ta: fara, babba, tana zagaya bayan raga. Halyna na zaune a gefensa, ta riƙe hannunsa.

Nauyin rigar ya kama Rodel. Yana wasa kamar mai ɗauke da ƙwai, gari kuma yana kallonsa da ladabi. A zagaye na biyu faifai ya zo masa, ya tsaya tunani, wani ɗan Karlsfeld ya zare shi daga bakin sandarsa ya wuce ya zuba a raga.

Ba wanda ya yi magana, sai wani manomi da ke bayan Nestor, wanda bakinsa ya riga hankalinsa.

"Kai lamba huɗu! Barci kake yi ko makaho ne kai?"

Yana rufe baki ya ga ƙeyar wanda ke gabansa. Matarsa ta kai masa duka da safar hannu. "Dido, yi haƙuri," in ji manomin. "Wallahi ba da kai..."

Nestor ya juyo. Hawaye ne sharkaf a fuskarsa, bakinsa kuwa a buɗe da dariya.

"Ƙara faɗa," ya ce. "Da ƙarfi, bai ji ka ba."

Bai ma jira ba. Ya dafa kafaɗar Halyna ya miƙe, ya kewaye bakinsa da hannuwa biyu.

"Huɗu! Tashi, ɗan banza! Bi shi!"

Sai fili ya ɓarke. Masu zagi na zagi, masu kirari na kirari, ana dukan katanga da tafin hannu. Can ƙasa lambar ta juya, ta sunkuya, ta zabura da gudu, ta haɗa wani ɗan Karlsfeld da katanga har gilashin da ke samanta ya girgiza.

"Tato, zauna, za ka faɗi," in ji Halyna, da sunan da take kiran mahaifinta.

"Bar ni," ya ce, kansa a karkace, gefen idonsa na bin farar lambar. "Ina ganinta."