Ƙofar Gidan Bushiya

Yara ne suka laƙaba mata Anti Bushiya, sunan kuma ya bi ta har mijinta ma da shi yake tsokanarta. Shekara biyu ke nan ita da ƙanenta suna fitar da labarin wata 'yar bushiya da ta ɓace wa gida, duk ranar Asabar, a shafinsu na intanet. Ita ke rubutawa ta karanta da muryarta, shi ya yi zane. Ofishin nasu ɗakin ajiya ne: tebur ɗaya, kwamfuta biyu, da tsofaffin barguna da suka kafa a bango don kada ƙarar motoci ta shiga cikin murya.

Ƙa'idarsu ita ce kowane kashi ya ƙare bushiya tana tsaye a mararraba, yara su turo saƙon murya ta wayar iyayensu, su faɗi inda za ta bi. Inda masu rinjaye suka ce, nan za ta bi. Yara kuwa ba su san tausayi ba. Sun tura baiwar Allah cikin kogi, sun ɗora ta a bayan babbar mota, sun kulle ta cikin jakar wanzami. Ba mai cewa ta koma gida, don sun san ranar da ta koma labari ya ƙare.

Sai yarinya ɗaya. A hotonta tana sanye da hular saƙa, shi ya sa suke ce mata Mai Hula. Duk mako saƙonta ɗaya ne: "Anti, a kai ta gida, ta gaji." Ƙanen har ya iya kwaikwayonta, su yi dariya su wuce zuwa saƙo na gaba.

Wata Litinin saƙo ya shigo daga lambar Mai Hula, amma muryar babba ce.

"Ni ce mahaifiyar yarinyar da ke damunku. Wata huɗu muna asibiti. Ba za ta sha magani ba sai an kunna mata bushiya. Likita ya ce mu yi haƙuri, mu riƙa ba ta abin da take so. Ba ta son komai sai ta ga bushiya ta isa gida. Don Allah, in da hali."

Anti Bushiya ta saurara sau uku. Ta tuna dariyar da suka riƙa yi, kunya ta rufe ta. Nan take ta amsa: "Asabar ɗin nan, in Allah ya yarda." Ta jingine ƙa'idar zaɓe, ta zauna ta rubuta kashin ƙarshe a yini ɗaya.

To, amma tana da wani hali da kowa ya san ta da shi: ba ta sakin aiki sai ya yi mata yadda take so. Ranar Alhamis ƙanen ya nuna mata zanen gidan, ta yamutsa fuska.

"Wannan gida ne ko kejin kaji? Kuma wa ya ce maka ƙofar ja ce?"

"Yaya, yarinya ce za ta kalla, ba alƙali ba."

"Saboda yarinyar nake faɗa. Shekara biyu tana jira, sai mu ba ta wannan? Mayar da ƙofar ruwan ɗorawa, ka sa fitila a taga."

Ya mayar. Ta ce fitilar ta yi haske da yawa. Ya rage. Ta sake ɗaukar muryarta sau tara, don a wurin da uwar bushiya ke cewa "sannu da zuwa" muryar tana rawa. Asabar ta zo aiki bai kammala ba.

"Mu sake shi haka," in ji ƙanen.

"Kwana uku kawai. Talata."

Ta tura wa uwar saƙon ban haƙuri. Aka buɗe saƙon, ba a amsa ba. Ta ce a ranta hidimar asibiti ce.

Ranar Talata da hantsi komai ya yi daidai, har ita kanta ta rasa abin kushewa. Ta kira lambar don ta yi albishir da bakinta. Matar ta ɗauka, a bayanta ana jin muryoyin mata da yawa, ƙasa-ƙasa.

"Allah ya yi mata rasuwa shekaranjiya da la'asar."

Anti Bushiya ta nemi kujera ta zauna. Ta yi ta'aziyya, ba ta ma san me bakinta ke faɗa ba. Ta so matar ta zage ta, da ta fi samun sauƙi.

"Kada ki damu kanki," in ji matar. "Ranar Asabar da ta tambaya, na ce mata wayar ce ba caji, amma ni na gani, bushiya ta isa gida. Ƙarya na yi mata, Allah ya yafe mini. Ta yi murna sosai. Sai ta ce, Mama, wane launi ne ƙofar? Na ce shuɗiya, abin da ya zo bakina ke nan." Sai ta ƙara da cewa, "Alfarma ɗaya nake roƙo. Ƙannenta suna kallo, kuma suna wurin lokacin da na faɗa. In za ku saki, ku sa ƙofar shuɗiya."

Bayan ta ajiye wayar ta daɗe tana kallon allon kwamfuta. Ga gidan nan, ga fitila a taga, ga ƙofa ruwan ɗorawa wadda ta ci kwana biyar. Ƙanen ya ji komai. Bai ce ai na faɗa miki ba.

"Nawa zai ɗauke ka?" ta tambaya.

Ya jawo kujerarsa, ya zaɓi launi, ya danna ƙofar sau ɗaya. Ta koma shuɗiya.

"Shi ke nan, Yaya," ya ce.

Sai a lokacin kuka ya ƙwace mata.