Ta Kai Ake Tarar Sarki

Kifi ba ya ribas. Iyakar ilmin riƙe homa ke nan, kuma ba sai an je makaranta ba, ni ma ban je ba. In ka kai masa homa ta wutsiya, yana jin ta taɓa shi zai harba gaba, ka sallame shi gida ke nan. In ka tare shi ta kai, da ƙarfin kansa zai shige ciki. Shekara arba'in da shida ina yi wa mijina Archie wannan aiki a jirginmu. Shi yana riƙe da sandar fatsa, ni ina tsaye a gefe da homa mai doguwar ƙota, ya jawo kifi kusa, in kwaso.

A tsibirinmu na Alaska in an ce sarki, babban kifin salmon ake nufi, wanda kan kai laba arba'in ko hamsin, ya shigo cikin teku ta gefenmu da bazara. Akwai wata doka a kansa da ba a rubuta ba, amma kowa ya haddace ta. In sarki ya shigo jirgi, na mai sanda ne. In ya kuɓuce, na mai homa ne.

Archie shi ke karanta rahoton kamun kifi a ɗan gidan rediyon garinmu, ƙarfe bakwai na safe, bayan labarin iska da ruwan sama. Wane ya kama kaza, a wuri kaza, a zurfi kaza. Wurin dai kullum ƙarya ne, kuma babu mai jin haushi, don duk wanda ya faɗi inda ya kama kifi da gaske, to bai cika hankali ba. Daga ƙarshe sai ya rufe da nasiha. Kada a tsoma homa a ruwa kifi bai gaji ba. Kada a soke shi da ita kamar mashi. A tare shi ta kai. Yana faɗa da murya irin ta fasto, mutane suna gyaɗa kai a kan kofin gahawarsu. Duk abin da ya ga ina yi ne. Ban taɓa damuwa ba. Namiji in ba ka bar masa abin faɗa ba, sai ya dame ka a gida.

To, wata ranar Laraba a farkon watan shida, wani sarki ya kama. Archie ya ƙosa, ya hau jan sa tun da sauran ƙarfinsa. Na ce, "Tsoho, ƙyale shi ya yi gudunsa." Ya ce ya san abin da yake yi. Kifin nan ya taso, ya kalle mu, ya girgiza kai sau ɗaya, ƙugiya ta fita daga leɓensa, ya yi tafiyarsa. Tsakaninsa da jirgi ya fi gaba biyu. Homata ko jiƙewa ba ta yi ba.

Washegari ina soya burodi, rediyo na kan taga, sai na ji muryar maigidana.

"Jiya mun rasa wani sarki da ya kai laba sittin. Wata baiwar Allah, ba zan faɗi sunanta ba tunda tukunyarmu ɗaya, ta kai masa homa ta wutsiya. Jama'a, na sha gaya muku."

Na juya burodin. Ya ƙone ta gefe ɗaya, shi na ajiye masa.

Kafin azahar gari ya ɗauka. Na shiga kanti sayen gishiri, Ernestine maƙwabciyata tana tsaye tana zaɓen albasa. Ta ce, "Lavina, ashe ido ya fara? Ki je a auna miki tabarau, ba abin kunya ba ne. Kai yana gaba, inda idanun suke."

Na ce, "Na gode. Ke da kika daɗe da miji mai kama da kifi, dole ki fi ni sani."

Ta yi dariya, na yi dariya, amma maganar ta biyo ni har gida. Kowa a garin nan yana da abin da aka san shi da shi. Ernestine muryar coci, wata saƙar kwando, wata haihuwar tagwaye. Ni homa. Uwata ita ta riƙe wa ubana, ita ta koya mini ina da shekara tara, kuma har ta mutu ba a taɓa cewa ta taɓa wutsiyar kifi ba. Yanzu ga ni da furfura, a bakin kabari, an ba ni sabon suna.

Da ya dawo na tare shi a ƙofa.

"Ta wutsiya, ko?"

"Haba tsohuwa, wasa ne. Rediyo sai da ɗan gishiri."

"To gobe ka janye."

"Ina kika taɓa jin an janye rahoto? In na fara janye abin da na faɗa, har Kirsimeti ban gama ba."

Na ce shi ke nan. Washegari ya sa takalmansa na roba, ya tsaya yana jira, ni kuwa na zauna ina tsefe wata tsohuwar rigar sanyi. Ya jira, ya yi tari, ya fita. Sai ya je ya ɗauki ƙanena Cyril, wanda ya yi rayuwarsa a kan tuƙa motar katako, ya ba shi homa.

Mako biyu suka yi. Sarki huɗu suka kama musu ƙugiya, babu wanda ya ga cikin jirgi. A rahoto kuwa aka ce ruwa ne ya yi ɗumi, kifi ya yi ƙasa. Duk garin ɗakunan banda suna hayaƙi, namu sai hankaki ke zama a kai suna zagin mu.

Cyril ya zo ya same ni, wuyansa a sage.

"Yaya, ki ji tausayina. Ni yadda yake faɗa a rediyo haka nake yi, amma da kifi ya taso sai ya hau ihu a kunnena, yanzu, yanzu. In tsoma, ya ce na yi sauri. In jira, ya ce barci nake. Jiya homar ma ta kusa tafiya da ni."

"Me ya hana shi ya riƙe, kai ka karɓi sanda?"

"Na ce masa. Ya ce kafaɗa na damun sa."

Kafaɗar Archie lafiyarta ƙalau, da ita yake faskare. Da yamma na zuba masa miyar kan kifin da Ernestine ta aiko mana na sadaka, na ce, "Asabar zan bi ka."

Ya ce, "Na san za ki huce," yana murmushi cikin cokali.

"Amma ni zan riƙe sanda. Kai ka riƙe homa."

Cokalin ya tsaya. "Ni?"

"Ai kai ne malaminta. Ina so in ga yadda ake yi, ko na gyara kafin in mutu."

Ba shi da mafita, sai ya ce to.

Asabar aka tashi da yayyafi, teku lumui. Jirage wajen ashirin ne a Tsinin Hankaka, kowa yana jan zarensa a hankali, inji na ɗan gunaguni. Oba-obar jirgi tana ta surutu, maza na yi wa juna ƙarya. Wannan ya ce ko cizo bai samu ba, alhali muna ganin sa yana wanke jini. Muka saƙala ɗan kifi a ƙugiya, muka saki zare, muka soke sandar a mazauninta, muka zauna shan gahawa kamar mutanen da ba su da wata magana a tsakani.

Wajen ƙarfe tara sandar ta lanƙwashe, zare ya hau kuka. Archie ya zabura ya cafke ta, don hali zanen dutse. Ya ba ni baya. Ni kuwa a daidai lokacin robar da na ɗaure gashina ta dame ni, na cire ta, na rasa inda zan ajiye, sai na naɗe ta tam a jikin abin maganar oba-oba. Akwai wani madanni a gefensa, robar ta hau kai. An yi wani rubutu a wurin, to ni da ban iya karatu ba, ina zan san aikinsa?

Na ce, "Tsoho, miƙo sandata."

Ya miƙo da kyar. Ya ɗauki homa, ya juya ta, ya duba ƙotar kamar yau aka gabatar masa da ita. Ya ce, "Yau kuwa mutanen nan sun yi shiru a oba-oba."

"Wataƙila saurare suke."

Kifin babba ne. Ya nutsa, ya yi yamma da mu, ya dawo ƙarƙashin jirgi, ni dai ina ba shi in ya nema, ina karɓa in ya saki. Hannuwana na zogi amma ban nuna ba. Bayan kusan rabin awa ya taso, bayansa baƙi da ɗige-ɗige, faɗinsa kamar ƙofar tanda.

Tun yana nesa Archie ya tsoma homa a ruwa, ragar tana lilo. Kifin ya gan ta, ya juya, ya kwashi zare gaba talatin.

"Wani malami a rediyo ya ce kada a tsoma da wuri."

"Ki kula da zarenki."

Na sake jawo shi. Wannan karon ya zo yana bin gefen jirgi, ya wuce Archie kaɗan. Sai ga maigidana ya miƙe, ya bi shi da homa daga baya, ya soka. Ruwa ya fallatsa har cikin bakinsa, kifi ya harba gaba.

"Ta ina ka kai masa?"

"Juyawa ya yi."

"Na ce ta ina."

"Ta wutsiya. Kin ji daɗi?"

"Kamar yadda na yi ranar Larabar nan ke nan."

"Ke ranar ko tsoma homar ba ki yi ba, ni na ja shi da wuri, kin sani na sani. Don Allah bar tone-tone, kifin nan zai tafi."

Karo na uku kifin ya kwanta a gefensa, ya gaji, ana ganin ƙugiya ta riƙe ɗan fatar leɓe kawai. Girgiza ɗaya ta rage masa. Archie ya ɗaga homa, ya sauke.

"Lavina, karɓi abin nan. Ban iya ba."

"Me ka ce? Inji na ƙara."

"Na ce ban iya ba. Ko ɗaya ban taɓa kwasowa ba tunda uwata ta haife ni. Karɓi."

Muka yi musaya. Na ce ya ɗaga sanda sama, ya ja da baya taku biyu, kada ya fizga. Na tattare ragar a hannun hagu don kada ta yi lilo, na jira. Kan kifin ya juyo, ya fuskance ni. Na tsoma sau ɗaya, na saki raga, ya shige da kansa har wutsiya. Na miƙar da ƙotar tsaye, bakin homa ya rufe, muka kama zoben mu biyu muka jawo shi ciki. Kulki biyu a ka, ya kwanta. Laba arba'in da bakwai, da aka auna daga baya.

Iska ta watsa mini gashi a fuska, sai na tuna da robata. Na je na ware ta, na ɗaure kaina.

Oba-oba ta yi ɗan shiii. Sai muryar Cyril, a natse, daga jirgin wani abokinsa.

"Archie, Archie, Cyril ne. Suruki, jama'a na da tambaya. Wai ta ina ake tarar sarki?"

Wani jirgi ya danna ham. Wani ya amsa. Kafin ka ce me, duk ashirin ɗin sun ɗauka, har mikiyoyin da ke kan itatuwa suka tashi. Mijin Ernestine ya shigo layi ya ce, "Malam Archie, ka tambayar mana mai homa ko tana da aiki gobe. Da abinci."

Archie ya kalli abin maganar, ya kalli gashina, ya gane duk abin da muka faɗa jirage sun ji. Ya kashe oba-oba, ya juya jirgi. Sai da muka hango rufin coci sannan ya buɗe baki.

"Kin san aikin madannin nan."

"Me aka rubuta a jiki?"

Ya ƙara wa inji wuta.

Ran Litinin ƙarfe bakwai na zauna gaban rediyo, ban ɗora komai a wuta ba. Aka gama labarin iska. Ya yi gyaran murya har sau biyu.

"Ranar Asabar an kama sarki mai laba hamsin da biyar a bayan Tsibirin Kurege." Ya ƙara laba takwas, ya kuma matsar da wurin tafiyar awa guda, wannan duk daidai ne. Sai ya ci gaba. "Batun rahoton wata Laraba da ta wuce, an samu kuskure daga wajen mai sanda. Yau babu nasiha. Mai son sanin yadda ake riƙe homa, ya san gidan, ya kuma san wadda zai tambaya."

Ban gama shan gahawata ba Ernestine ta ƙwanƙwasa, da kwalbar jam ɗin shafa wa burodi a hannu, wai ta ga ta yi yawa ne a gidanta. Ta zauna, ta yi zancen ciwon gwiwa, ta yi zancen sabon fasto, can ta ce mijinta ya rasa sarki biyu a makon nan, ita ke riƙe masa, ko zan ɗan nuna mata.

Na ce, "Sai kin fara zuwa an auna miki tabarau."

Tana fita Archie ya shigo. Ya tsaya a bakin ƙofa, ruwa na ɗiga daga hularsa.

"Ruwa zai ciko ƙarfe goma."

"Na ji a rediyo."

"Homar na cikin jirgi."

"Wa zai riƙe?"

Ya sunkuya, abin da gwiwarsa ba ta so, ya jawo takalmana na roba daga ƙarƙashin benci, ya kakkaɓe su, ya jera su a gabana.