Ruwan da Ke Ɗiga Kan Keken Tela

Telan da ke hawan ƙasa ne ya fara kawo ƙorafi. Ya hawo bene da hantsi yana haki, riƙe da yadin mutane, ya nuna wa Umma inda ruwa ya ɓata shi.

"Ba rigima na kawo ba, Maman Auta," in ji shi. "Silin ɗina ne ke hawaye, kuma bai ga wurin yi ba sai kan kekena."

Ni ce Autar, ko da yake yanzu furfura ta fara leƙo mini a goshi. Tun rasuwar Abba, Umma kaɗai ke zaune a gidan da muka tashi, ta ƙi komawa wurin kowa. Da ta kira ni a waya, na biya na ɗauko mai gyaran famfo muka taho.

Mutumin ya fara da kicin. Ya kwanta rigingine ƙarƙashin wurin wanke-wanke yana haska fitilar wayarsa, ya fito da yanar gizo a hula, amma ko laima bai gani ba. Ya duba banɗaki, ya shafa bayan injin wanki, ko'ina a bushe. Sai ya sa muka rufe duk famfunan gidan, ya je ya tsura wa mita ido. Allurar tana tafiya a hankali.

"Akwai wanda ke sha a ɓoye," ya ce.

Muka sauka shagon tela. Da tef ɗin awon kaya suka auna daga taga zuwa tabon da ke silin, muka dawo sama aka maimaita awon. Ya faɗo a lungun da ke tsakanin ɗakuna, daidai inda babban kabad yake.

"Babu bututu a nan," in ji Umma. "Kabad ɗin nan ya girmi aurenki."

Haka nan dai muka shiga fitar da kaya. Kwanukan da ba a taɓawa sai an yi baƙi, rediyon Abba mai karyayyar eriya, jakar makarantar Yayana da ban san Umma ta adana ba. Kayan da ke can ƙasa duk warin danshi suke yi. Da muka ja kabad ɗin, katakon bayansa ya ɓare ya zauna jikin bango, baƙi ƙirin, ya ruɓe.

Bangon wurin kore ne, irin fentin da gidan yake da shi muna yara. Ƙasa-ƙasa, daidai gwiwata, ga guntun bututu da murfin ƙarfe da tsatsa ta cinye, ruwa na tsattsafowa yana bin bango yana shigewa ƙarƙashin tayil.

Umma ta dafa kafaɗata. "Famfon yara," ta ce a hankali.

Sai komai ya dawo mini. Ni da Yaya kullum faɗa muke a kan kujerar da muke takawa mu kai ga famfon kicin, har ranar da na faɗo na fasa haɓa. Abba direban bas ne, bai san komai a harkar ruwa ba, amma ranar hutunsa ya ari kayan aiki ya fasa bango, ya ce zai yi mana namu daidai tsayinmu. Kafin ya gama, ruwa ya malale lungun har falo. Umma na kwasa da bokiti tana dariya, shi kuma ya jiƙe sharkaf yana cewa ai dama haka aikin yake. Bayan nan yaran benen duka suka riƙa zuwa gidanmu wanke hannu, har waɗanda hannunsu fes yake.

Tela ya biyo mu sama, ya tsaya yana kallon bututun.

"Wancan karon ma ni na sha ruwan," ya ce. "Marigayi ya sauko da tsumma da kansa yana ba ni haƙuri, 'yata kuwa tana nan sama tana layin wanke hannu."

Mai gyara ya ce abin mai sauƙi ne, zai yanke bututun daga cikin bango ya toshe, ya shafe da siminti, ba mai sake tunawa da shi.

Umma ta dubi koren fentin.

"A'a, ɗan nan. Sa masa sabon kai. Tsayuwa a kicin tana ba ni wahala yanzu, gwiwoyin sun ƙi."

Ya sa kan famfo, ya kafa ƙaramin kwano a ƙasa, ya haɗa shi da magudanar banɗaki. Kabad ɗin kuma aka sauke wa tela, ya ce zai gyara bayansa ya zuba yadi.

Da yamma na ɗauki hoton wurin na tura wa Yaya. Ya kira nan take, yana tambaya ko har yanzu sai an murɗa da hannu biyu. Na miƙa wa Umma wayar. Tana zaune kan 'yar kujera gaban famfon tana ɗauraye kofuna, ta maƙale wayar a kafaɗa, suka shiga lissafa yaran benen ɗaya bayan ɗaya da inda kowa yake yanzu.